Ƙwan Kazar Yashi da Kwale-kwalen La Hamu

Ranar da aka wayi gari an tone Baƙin Yashi, Melkias ne ya fara gani. Maimakon ya ja bakinsa ya yi shiru ya aika a kira mai bin sawu, sai ya ruga coci ya kama igiyar ƙararrawa kamar gari ya kama da wuta. Kafin mai bin sawun, Om Yosias, wato Kawu Yosias, ya lallaɓo da gwiwarsa mai ciwo ya iso bakin teku, duk garin Hatulea ya riga shi: maza, mata, karnuka, har da makahon nan mai ɗinkin koma, an jawo shi da sanda don kada a ba shi labari.

Yosias ya tsaya ya dubi yashin. Sawu kam ga shi nan, sai ka ce an ci kasuwa an tashi.

"Wa ya ce ku shigo?"

"Taimako muka zo, Om Yos."

"Kun kuwa taimaka. Da ɓarawon yana nan da ya yi muku godiya. Ƙila ma yana nan ɗin."

Baƙin Yashi nan ne kazar yashi ke saukowa daga daji in wata ya cika, ta tona rami mai zurfi, ta saka ƙaton ƙwanta guda, ta rufe, ta bar wa zafin yashi aikin kwanci. Tun da gwamnati ta ce daga rafi zuwa ƙarshen tsibiri gandunta ne, aka yi magana da ita cewa mu za mu ci gaba da tsare wurin da sasi, yadda kakanni suka yi. In aka kafa sanda aka ɗaura mata ɗanyen ganyen kwakwa, to an rufe ke nan, ko tsinke ba a ɗauka sai ranar da aka kwance. Melkias shi ne shugaban masu tsaron sasi. Kuma ƙanin matar Yosias ne, abin da Yosias ke cewa da ya sani tun farko da ya ƙara tunani kafin ya kai sadaki.

"Ba sai ka wahalar da gwiwarka ba, Yaya Yos," in ji Melkias. "Mun san shi. Baƙon nan ne."

Baƙon nan shi ne La Hamu, masunci, mutumin tsibirin Buton. Kakansa ne ya zo. Ubansa a nan aka haife shi, shi ma a nan aka binne cibiyarsa, amma har gobe baƙon nan ne.

Kafin rana ta take, samari sun jawo kwale-kwalensa daga ruwa, sun gangaro da shi a kan guma-guman kwakwa har ƙofar zauren gari, suna waƙa. Mai gari, wanda muke ce wa Bapa Raja, ya fito yana gyara hula.

"Manyan gandu za su zo ranar Asabar," ya ce. "In suka tarar ba mu da ɓarawo, cewa za su yi sasi ya daina aiki, su kewaye wurin da waya. Saboda haka za mu miƙa musu La Hamu. Jirginsa ya zama na gari. Matarsa da yaransa su bi jirgin da ya kawo manya."

"Wa ya gan shi yana tono?" in ji Yosias.

"An ga kwale-kwalensa daura da wurin."

"Ni ma an sha ganina daura da coci, ba wanda ya ce na zama fasto."

Bapa Raja ya yi ajiyar zuciya. "Kana da daga yau zuwa jajibirin Asabar, Om Yos. Kawo min wani, ko in ba da wannan."

*

Da yamma, bayan 'yan taimako sun gaji sun watse, Yosias ya koma shi kaɗai. Shekarunsa na ƙuruciya a bin sawun aladen daji ya ƙarar da su, yanzu kuma gandu ke ba shi ɗan abin sakawa a baki don ya zaga iyaka. Sawun ƙafa dai ya tafi. Amma mutane ba su taka cikin ramukan ba, tsoron sasi ya hana su.

Ya durƙusa yana zagin gwiwarsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu baki a wargaje, yashi a watse ta baya, ga zanen farata, ga ɓawon ƙwai a farfashe. Wannan aikin guza ne, ko yaro ya sani. Amma can kusa da sandar sasi akwai wurare biyu ko uku da yashi ya kwanta sumul, ya fi na kewaye laushi. Ya zura hannu har kafaɗa. Babu ƙwai. An tona da ɓawon kwakwa, an ɗauke, an mayar da yashi, an lallashe shi da tafin hannu kamar ana shafa kan jariri.

Melkias ya ɓullo ta bayansa. Shi dai ba a rasa shi inda ba a nemansa.

"Ka ga ɓarna ko?"

"Na ga guza. Duk ramukan da ka buga wa ƙararrawa nasa ne. Na mutum 'yan kaɗan ne, kuma ba ka ma gan su ba, don an rufe su."

"To guza za mu miƙa wa manyan gandu?"

"Da za ka iya kama shi, ai da an ce ka yi aiki bana."

"Ka dai faɗa da bakinka, akwai na mutum."

"Akwai. Mutumin da ya saci ƙwai ya tsaya gyara wa kaza ɗaki. Ka taɓa ganin ɓarawon da zai gudu ta ruwa ya tsaya shara?"

"Wayon 'yan Buton ne," in ji Melkias, ya juya abinsa.

*

Gidan La Hamu na ƙarshen gari, kan dogayen sanduna, ƙafa ɗaya a tudu ɗaya a ruwa. Washegari Yosias ya same shi zaune a matakala yana kallon inda jirginsa ya saba tsayawa. Matarsa Wa Ina na ciki, ana jin ƙarar tukwane, ta fara ɗaure kaya.

"An ce an ga ɓawon ƙwai a bayan gidanka."

"Je ka gani, Om."

Ya je. Na agwagwa ne, ga uwar ma tana kallonsa da ido ɗaya.

"Me ya kai ka daura da Baƙin Yashi?"

"Kifi. Ko shi ma an ɗaura masa ganye ban ji ba?"

"Kada ka yi min baƙar magana, ni kaɗai ne a garin nan ban ja jirginka ba."

"Don gwiwarka ba za ta iya ba."

Yosias ya haɗiye wannan, don akwai ƙanshin gaskiya a ciki. "Ka ga wani a bakin yashin?"

La Hamu ya mai da ido kan ruwa. "Wallahi ba na son in yi wa wani abin da aka yi min. Amma kwanan baya na ga ɗan gandun nan, Darmaji, da bokiti, yana tono. Ban faɗa wa kowa ba. Wa zai ji? Shi mai kaki, ni mai warin kifi."

"Me ya sa ba ka faɗa a zaure ba?"

"A zaure an tambaye ni ne? Sunana kawai aka kira, shi ma ba daidai ba."

Wa Ina ta leƙo da tukunya a hannu. "Om, in an kore mu, ina za mu? Buton ɗin da ake faɗa ko a mafarki ban taɓa ganinta ba. Kabarin uwata yana bayan rafin nan."

Yosias ya ce ta dakata da ɗaurin kayan. Ta dube shi, ta koma ta ci gaba.

*

A gida ya tarar da matarsa, Usi Barbalina, wato Yaya Barbalina, tana juya papeda, tuwon da muke ci a nan. Mace ce gajera mai kaifin baki, wadda ko fasto in zai wuce ƙofarta sai ya gyara wuyan riga. 'Yarsu Welmince, da ake kira Mince, da ke aure a ƙauyen tsallake, ta zo kwana biyu, tana kwance a ɗaki ta ja zane har ka.

"Ita wannan ba za ta fito ta gaida ubanta ba?"

"Kanta ke ciwo. Ci abincinka."

"Babu kifi?"

"Warinsa ba ya yi mata. Kuma mai kawo kifin ai kun ɗora jirginsa a kan tudu."

"Kun? Da ni aka ja?"

"Kai kuma me ya ɗora maka? Ka san mutanen garin nan. Su yi haushi kwana biyu su gaji. Ka bar ƙafarka ta huta, zancen zai mutu da kansa."

"Ba zai mutu ba, Lin. Jirgi zai zo Asabar."

Ta ƙara masa miyar ganye fiye da yadda ya nema.

*

Darmaji yaro ne mai hankali daga can tsibirin Jawa, gandu ta ajiye shi a wata 'yar bukkar katako bayan rafi. Da Yosias ya ambaci bokiti, sai ya miƙe tsaye kamar an kira shi gaban alƙali.

"Na tona, Om, amma da izini. Bapa Raja ya sani, Om Melkias ma ya sani. Waɗanda aka saka kusa da ruwa nake kwashewa kafin teku ta cinye su. Zo ka gani."

Ya kai shi bayan bukka. Wani keji ne na waya da yashi a ciki, kowane ƙwai da tsinkensa a kai. Wani ɗan tsako ma ya fito, ya tsaya a lungu yana harararsu kamar su suka tashe shi.

"Melkias ya sani, amma bai faɗa ba," in ji Yosias.

"Ƙila ya manta."

"Ƙila kuma teku ta ƙafe. Kusa da sandar sasi fa, ka tona?"

"Ni? Ko kusa. Ranar da na fara zuwa na jingina da ita ban sani ba, kwana uku ina zawo."

"Ɗanyen mangwaro ka ci, na gan ka."

"Ko ma dai mene ne, Om, ba na ƙarawa." Ya rage murya. "Amma akwai abin da na gani. Shekaranjiya da safe, kafin a buga ƙararrawa, na hango tururuwa sun yi layi zuwa gindin sandar. Na ɗauka wani abu ne na al'adarku, shi ya sa ban taɓa ba, ban kuma tambaya ba."

Yosias ya dafe goshi. Gari guda ya tattake yashi, mutum ɗaya tak da ya ga abin kirki kuma kunya ta hana shi magana.

"Da Asabar ɗin fa? Da gaske za su sa waya?"

"Ban sani ba, Om. Ni dai na faɗa wa Bapa Raja ba su ce a ba su mutum ba. Ya ce ban san manya ba."

*

Tururuwan suna nan ba su gama ba. Yosias ya bi layinsu zuwa gindin sandar, ya share yashi da yatsa. Ga wani ɗan ƙunshi na ganye an tura shi ƙasa kaɗan, an ɗaure da zaren kwakwa.

Ya san ko mene ne tun bai kwance ba. A Hatulea, in lalura ta sa mutum ya keta sasi, ba ya wucewa haka nan gaba gaɗi. Sai ya ajiye wa magabata goron pinang a gindin sanda, ya ce su kau da kai. La Hamu ba zai yi wannan ba, ba magabatansa ba ne, ba kuma addininsa ba. Ɗan gari ne.

Ya kwance. A nan ne ya tsaya. Kowa in zai ajiye, ƙwaya guda yake ajiyewa, da ganyenta da farar tokarta a gefe, magabata su tauna da kansu. Wannan kuwa dakakke ne, lilis, ja wur, an haɗa komai.

Wa ake daka wa pinang? Wanda ba shi da haƙori. Wane ne a cikin matattu ba shi da haƙori, kuma yake da magana a kan wannan sanda? Opa Tinus, wato Kaka Tinus, surukin Yosias. Shi ya riƙe sasi tun kafin gwamnati ta san da tsibirin, shi ya kafa sandar nan da hannunsa, ya kuma mutu bakinsa kamar na jariri. Ɓarawon bai ji tsoron magabata gaba ɗaya ba. Tsoho guda ya ji tsoro, ya kuma ji tausayin dasashinsa.

'Ya'yan Opa Tinus biyu ne suka rage a duniya.

Yosias ya yi wata dariya shi kaɗai har da buga cinya. Melkias. Mai ƙararrawa. Ashe shi ya sa ya tara gari a tattake sawu. Ya ɗaga ƙunshin zuwa fuskarsa don ya ƙara more kallonsa, sai ƙanshi ya bugi hancinsa.

Kanumfari.

Dariyar ta tsaya. Tsohon ba ya cin pinang sai an jefa masa kanumfari guda a turmi. Ba kowa ya sani ba, don ba a gaban mutane ake yi ba. Yosias ya sani ne don shekara da shekaru, kullum da safe, da ƙarar wannan ɗan turmin yake farkawa, a gidansa, daga bayan ɗakinsa. Melkias kuwa ko ruwa bai taɓa miƙa wa ubansa ba.

Ya zauna dirshan a yashi, ya miƙe ƙafar mai ciwo. Wani guza ya fito daga ciyawa, ya dube shi, ya wuce abinsa ba gaggawa.

"Wuce," in ji Yosias. "Kai kaɗai ne mai gaskiya a garin nan. Ka ci, ka bar shaida."

*

Bai ce wa Barbalina ya gano ba. Ya zauna a bakin ƙofa yana kallonta tana tankaɗe.

"Gobe zan yi magana a zaure."

"Ka saba."

"In da mai abin zai riga ni, da ya fi masa mutunci."

"To ka je ka faɗa masa."

"Wa Ina ta gama ɗaure tukwanenta, Lin."

Hannunta ya ɗan tsaya a kan rariya, ya ci gaba. "Ba inda za su. Bapa Raja baki ne kawai gare shi."

"In kuma suka tafi fa?"

"Ka matsa min daga haske, Baban Mince."

Ya matsa. Shekara talatin da wani abu yana matsawa, ya san ba a tura wannan matar ta gaba. Sai dai a nemo ƙofar da za ta fita da ƙafarta.

*

Ranar Juma'a da la'asar zaure ya cika har waje. Ga kwale-kwalen La Hamu a ƙofa, yara sun mai da shi wurin wasa. Yosias ya sa aka ajiye benci a tsakiya, ya zaunar da La Hamu da Darmaji.

"Saura ɗaya," ya ce. "Melkias, zo ka zauna."

"Ni? A bencin ɓarayi?"

"Benci ne na coci, ranar Lahadi ma ka zauna a kai."

Bapa Raja ya yi masa alama, ya zo ya zauna a can ƙarshe yana huci.

Yosias bai ja zance ba, gwiwarsa ba ta son tsayuwa. Ya ce yawancin ramuka na guza ne. Ya ce ɗan gandu da izini ya tona, kuma akwai waɗanda suka san haka suka yi shiru. Bapa Raja ya shiga gyara hula. Sannan ya ciro ƙunshin ya buɗe a tafin hannu, ya zaga da shi gaban dattawa.

"A gindin sanda na samo. Ku duba da kyau. Wa ake daka wa?"

Can wata tsohuwa ta ce, "Opa Tinus."

Ba a ƙara minti ba gari ya juya. Bakunan da suka yi waƙa suna jan jirgi su ne suka koma kan Melkias.

"Dama na ce ƙararrawar nan ta yi yawa."

"Mai tsaron kaza ashe shi ne muzuru."

"A kwance masa ɗamarar sasi."

"A miƙa shi gobe."

Melkias ya miƙe. "Tsakani da Allah ban taɓa ba. Yaya Yos, ka san ni. Ina da baki, amma ban da hannu. Ni ko dakan ma ban iya ba."

"Za mu gani," in ji Yosias. Ya sa aka kawo turmin wani dattijo da pinang da kayan haɗi. "Daka wa ubanka, yadda yake so."

Melkias ya karɓa kamar an miƙa masa maciji. Ya jefa ƙwayar da ɓawonta, ya zuba toka kamar zai yi shafen ɗaki, ya buga, ƙwayar ta yi tsalle ta faɗa cinyar fasto.

"Da gangan yake yi," wani ya ce daga baya. "A ɗaure shi."

Samari biyu suka taso. Yosias bai dubi ɓangaren mata ba. Rufin zaure ya ƙura wa ido, yana ƙirga tsiyar da zai tarar a gida.

"Ku sake shi."

Usi Barbalina ce. Ta ratso mutane, ta fizge turmin daga hannun ƙaninta.

"Dubi abin da ka yi. Wannan ko akuya ba za ta ci ba. Tokar nan ai sai ta ƙone masa baki. Kuma ina kanumfarin? Uban da ya haife ka, ba ka san abin da yake ci ba." Ta juya ga Bapa Raja. "Ni ce. Uku na ɗauka. Na rufe ramukan yadda Baba ya koya min, na kuma roƙe shi. Wannan sakaran ba shi da laifi sai na surutu."

Bapa Raja ya zaro ido. "Usi Lin. Ke? Me ya yi zafi?"

"Mince ke da ciki."

Yosias ya sauke kai daga rufin.

"Shekara nawa muna jira, kun sani. Biyu sun zube, kun sani. Wannan karon ba abin da ke zama a cikinta, ta ce ita ƙwan kazar yashi take so, tana kuka. In hana ta, ta haifo min jika mai dalalar da miyau har ya yi gemu? Ko kuwa in zauna in ga wannan ma ya bi 'yan'uwansa? Da sandar ƙarfe ce ma sai na wuce ta."

"Ciki?" in ji Yosias. "Ni ba a faɗa min ba?"

"Ana faɗa wa maza tun bai yi ƙwari ba? Kai da kake bin sawun alade a kan dutse, 'yarka na amai a bayan ɗakinka ba ka gani ba."

Sai ga zaure ya yi laushi kamar papeda. Mata suka hau gyaɗa kai. Ai lalura ce. Ai kwaɗayin mai ciki ba a wasa da shi. Ai uku ne kacal, guza ma ya ci fiye da haka. Ai ta roƙi tsohon. Wani har ya miƙo wa Yosias hannu yana masa barka.

La Hamu bai motsa daga benci ba. Sai da surutun ya lafa ya yi magana, ba da ƙarfi ba.

"Bapa Raja, ina da tambaya. Da Wa Ina ce ke da cikin fa?"

Bapa Raja ya koma gyara hula. La Hamu ya juya ga Barbalina.

"Usi, ke kika karɓi haihuwar ɗana na fari. Kwana uku jirgina na kan tudu, kina wucewa ta gabansa zuwa rijiya. Ɗan'uwanki kuwa ko zama bai gama yi a bencin nan ba kika taso."

Duk Hatulea ba wanda ya taɓa ganin an yi wa Barbalina magana ta rasa amsa. Ta dubi turmin da ke hannunta.

"Na ɗauka za su gaji," ta ce.

"Ba su gaji ba."

"Ba su gaji ba," ta ce.

*

Hukunci bai yi wuya ba. Aka ce ta zauna a Baƙin Yashi kullum da sanda tana korar guza har a kwance sasi. Manyan gandu suka zo Asabar, suka duba kejin Darmaji, suka sha ruwan kwakwa, suka koma. Ba wanda ya ambaci waya, ba wanda ya nemi a ba shi mutum.

Saura mayar da jirgi. Samarin da suka jawo shi da waƙa, ranar kowa da uzurinsa: wannan ciwon baya, wancan gona, wani kuma an aike shi. Aka bar La Hamu da Darmaji da Yosias mai ƙafa ɗaya da rabi. Melkias ya zo daga baya, ya kama gefe, ya fara ba da umarni, Yosias ya ce in ya ƙara kalma ɗaya shi za a shimfiɗa a ƙarƙashi. Gungumen da jirgi ya wuce kuwa sai an ɗauko shi an mai da gaba. Barbalina ce ta yi wannan, ba wanda ya sa ta. Tun daga zaure har bakin ruwa tana cicciɓa tana ajiyewa, La Hamu ma bai ce ta bari ba.

Da ruwa ya ɗauki jirgin, Yosias ya tsaya yana haki.

"Ka ce wa Wa Ina ta kwance tukwanen."

"Ta kwance wasu."

"Wasu?"

"Na girki. Sauran ta ce su zauna a ɗaure, ba sa cin abinci."

Ya haye, ya tura da sanda. Bai nufi gindin matakalarsa ba inda jirgin ya saba kwana tun zamanin ubansa. Ya wuce can bayan duwatsu inda ruwa ya fi ƙarfin tsayin mutum, inda ba mai iya tsayawa ya jawo shi tudu, ya jefa anga, ya faɗo ruwa ya iyo zuwa gida.

A nan yake ajiye shi har yau. Safe da yamma sai ya yi iyo, ga shi ya fara furfura. Mutanen Hatulea in sun gan shi sai su ce, baƙon nan dai akwai son wahalar da kai.